Kafin A Ce Yaron Shago Ya Ci Kuɗi

Laccar da aka gabatar ga ɗalibai da matasa masu rubuta manhajar kwamfuta a Yelwan Yauri

 

Malam shugaban taro, iyayenmu malamai, ƙannena ɗalibai, da 'yan uwan da suka yi sammako daga Wara da Birnin Yauri da Shanga, sannunku da zuwa, Allah ya ba da lada.

An ce in yi magana a kan yadda ake gano matsala a manhajar da ke zaune cikin kwamfutar tebur ko ta cinya, wadda ba ta jiran intanet kafin ta yi aiki. Wani zai ce ai wannan tsohon yayi ne, duniya ta koma waya. To, ya zaga kasuwar Yelwa ya gani. Mai kantin magani, da dillalin shinkafa da albasa, da makarantar kuɗi mai fitar da sakamakon zango, da ƙungiyar masunta mai adashi da rance, duk wanda ya ajiye kwamfuta a cikinsu buƙatarsa ɗaya ce: ko da sabis ko babu, a buga rasit. Da yawa daga waɗannan manhajoji 'ya'yanmu ne suka rubuta su, da Visual Basic ko C# ko Java ko Python, wasu ma da Access da Excel kawai.

Maganar da na zo da ita guda ce. Galibin cututtukan da ke kama manhajojinmu a nan daga zato suke fitowa. Mai rubutu yana zaune a ɗakinsa da kwamfutarsa mai lafiya, ya ɗauka wuta ba za ta ɗauke ba, agogo daidai yake, sunan kowa da baƙaƙen Turanci ake rubuta shi, farashin kaya kuma zai tsaya inda ya bar shi. Ranar da zaton ya ci karo da gaskiya, lissafi ya ƙi fita, ba a fara zargin manhaja. Yaron da ke zaune a gabanta ake fara yi wa kallon ɓarawo.

A wurinmu magani biyu ake ba kowace cutar kwamfuta. Na farko a kashe a kunna. In bai yi ba sai a ce bairos ne, a kai ta wurin mai gyara ya yi mata fomatin. Ban ce babu bairos ba. Duk wanda ya taɓa cusa fulashinsa a shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun zama shotkot ya san akwai. Amma fomatin yana share shaidar da za ta nuna maka ciwon, wani lokaci har da lissafin shekara guda na mai shago. Kashewa da kunnawa kuwa kwasar ruwa ce daga jirgin da ya huje. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san za ka iya kwasa har ka kai gaɓa, amma gobe ma sai ya shigo, in dai ba an ja jirgin tudu an nemo kafar an toshe ba.

Nema da karatu yake farawa. Manhaja idan za ta faɗi yawanci sai ta fito da ɗan akwati mai rubutu, ta faɗi abin da ya same ta. Mai shago zai danna OK da sauri, sannan ya kira ka ya ce "abin nan naka ya ƙi". Ka koya masa tun ranar farko ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya turo maka ta WhatsApp kafin ya taɓa komai. Sai ka yi masa tambayoyi: me kake yi lokacin da ta faɗi, yaushe abin ya fara, me aka canza kafin nan? Amsar farko kullum "ba a canza komai ba" ce. Ka yi haƙuri ka sake tambaya, za ka ji an sayo sabuwar firinta shekaranjiya, ko ɗan maigida ya sa wasan ƙwallo. Bayan haka sai ka yi ƙoƙarin sa matsalar ta dawo da hannunka. Wadda ba ka iya dawo da ita ba, ba ka da hanyar sanin ka gyara ta. Ka dai yi sa'a ta yi shiru.

An taɓa kira na wurin wani dillalin hatsi. Manhajarsa tsohuwa ce, wani ɗalibi ya rubuta masa ita da Visual Basic 6, ta yi shekaru ba ta taɓa ba shi ciwon kai ba. Rana ɗaya sai ta daina karɓar buhun shinkafa. Tana karɓar tiyar masara, tana karɓar kwanon gero, da an zo buhun shinkafa sai ta rufe. Kafin in isa har an fara maganar hassada da sammu. Saƙon da ke allo gajere ne: "Run-time error 6: Overflow". Na ce wa yaron shagon ya rubuta farashi naira 30,000. Ta karɓa. Ya rubuta 35,000, ta faɗi. Ya sa 32,500, ta karɓa. 33,000, ta faɗi. Haka muka yi ta matse tsakani, maigida yana tsaye a kanmu riƙe da carbi, har muka tsaya a kan 32,767. Naira ɗaya aka ƙara ta sake faɗuwa.

Wanda ya karanta darasinsa ya san wannan lamba. Mazubin da Visual Basic 6 ke kira Integer gurabe 16 gare shi na sifili da ɗaya, kuma iyakar abin da yake ɗauka ke nan. Lokacin da ɗalibin can ya rubuta manhajar, buhu bai kai ko rabin haka ba, bai kuma yi tunanin naira za ta yi abin da ta yi ba. Gyaran kalma ɗaya ne a cikin kod, da canza nau'in gurbin a teburin Access, don shi ma Integer ɗinsa nan ya tsaya. Kada masu C# da Java su yi dariya. Naku int ɗin a 2,147,483,647 yake tsayawa, idan kuma da kwabo kake lissafi, naira miliyan 21 da 'yan kai ke nan, kuɗin da tirela ɗaya ta shinkafa za ta haura. Naku ma ya fi muni, don ba ya ihu: lambar juyewa take yi ta koma bashi, manhaja ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Irin wannan cuta ce ta kayar da rokar Turai mai suna Ariane 5 ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta. An ɗauko kod daga Ariane 4, aka zuba lamba mai gurabe 64 a mazubi mai 16, alhali sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu.

Tunda muna kan kuɗi: kada ku ajiye naira a Double ko Float. Ku buɗe Python ku tara 0.1 da 0.2, za ku ga 0.30000000000000004. Ku yi amfani da Decimal ko Currency. Lambar waya da lambar asusun banki kuwa rubutu ne, ba abin tarawa ba. In ka bar su a matsayin lamba, Excel zai cinye sifilin farko.

Sai kwanan wata, wanda a ganina ya fi kowace matsala iya ɓuya. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa wata suke farawa da shi. Idan ka haɗa umarnin SQL na Access da kwanan wata a tsakanin alamun #, Access da tsarin Amurka yake karanta shi. Ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, shi ya ajiye 4 ga Maris. Abin da ke rikita mutane shi ne, daga 13 ga wata zuwa ƙarshensa komai daidai yake fita, saboda babu wata na 13, sai Access ya juya lambobin da kansa. Saboda haka wanda ya gwada manhajarsa ranar 20 ga wata zai rantse lafiya lau take. Cinikin kwana 12 na farkon wata kuwa warwatsuwa yake yi cikin wasu watanni, banda ranar da lambarta ta zo ɗaya da ta watan, rahoton ƙarshen wata ya fito da giɓi. Duk lokacin da aka ce maka matsala tana zuwa a farkon wata ta tafi a tsakiyarsa, nan za ka fara leƙawa. Ka riƙa ajiye kwanan wata a gurbin da aka yi dominsa, in kuma dole ne a rubutu, ka fara da shekara, sannan wata, sannan rana.

Akwai kuma agogon kansa. Kwamfutocin da ke shagunanmu da yawansu na hannu ne, 'yan kwatano. A cikin kowace akwai ɗan batiri mai faɗin kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo idan babu wuta. In ya mutu, duk sanda aka kunna sai kwamfuta ta farka a shekarun baya, rasit na yau ya fita da kwanan watan da ɗan shagon ma yana firamare. A kantin magani wannan ba abin dariya ba ne, don manhajar ba za ta ga maganin da wa'adinsa ya ƙare ba. Layi kaɗan ne maganinsa: da an buɗe manhaja ta gwada kwanan yau da na rasit na ƙarshe, in yau ta riga jiya zuwa ta ƙi buɗewa sai an gyara agogo.

Yanzu sunayenmu. Ku ɗaga hannu, wa ke da Sa'adu ko Mu'azu ko Shafa'atu a gidansu? Kusan rabin ɗakin nan. Wannan 'yar alama da ke tsakiyar sunan ita ce SQL ke amfani da ita wajen buɗe rubutu da rufe shi. In ka liƙa sunan kai tsaye a cikin umarni, rumbun bayanai zai karanta "Sa", ya ɗauka magana ta ƙare, ya rasa abin da zai yi da "adu". Na ga makarantar da ta warware matsalar ta hanyar hana malamai rubuta alamar, yara suka koma Saadu da Muazu a takardunsu. Ba gyara ba ne wannan. Ƙofar da Sa'adu ya faɗa ita ce ɓarawon bayanai ke bi ya shigar da nasa umarnin. A bar liƙa rubutu, a miƙa wa rumbun umarni daban, suna daban. Kowane yare da na ambata yana da hanyar yin haka.

Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suna nan a Unicode, amma babu su a tsohon tsarin Windows-1252 da kwamfutoci masu Turanci ke komawa gare shi idan ba ka faɗi wanda kake so ba. Shi ya sa Ɗanjuma ke shiga lafiya ya fito da alamar tambaya a goshi. A SQL Server gurbin suna NVARCHAR ya kamata ya zama, a MySQL utf8mb4, a Python kuma ka ambaci UTF-8 duk lokacin da za ka buɗe fayil. Ko ka yi wannan, saura ɗaya. Akawun safe zai rubuta Ɗanjuma, na yamma ya rubuta Danjuma, mutum ɗaya ya zama biyu, kowanne da nasa bashin. Wurin bincike ya kamata ya ɗauki d da ɗ a matsayin abu ɗaya, wurin ajiya kuma ya bar kowa da ƙugiyarsa.

Wuta. Muna zaune a bakin tafkin da aka tare tun 1968 don samar da lantarki, madatsar Kainji mai injinan megawat 760, wadda aka tashi dubban mutanenmu daga tsibirai da gaɓa saboda ita. Duk da haka ba sai na faɗa wa kowa a nan yadda ake ɗauke ta ba. Ga abin lura: kai da kwamfutar cinya kake rubutu, mai batiri, don haka ba ka taɓa ganin abin da ɗaukewar wuta ke yi wa manhajarka ba. Mai shago ta tebur gare shi, babu UPS, janaretonsa kuma sai ya ga dama. Ciniki guda rubutu uku ne a ciki: a rage kaya daga sito, a ƙara kuɗi a akwati, a ajiye rasit. In wuta ta tafi bayan na farko, kaya sun fita, kuɗi ba su shiga ba. Wa za a tambaya da yamma?

Don haka aka yi BEGIN da COMMIT: a ɗaure rubutun uku wuri ɗaya, ko duka su shiga ko ko ɗaya kada ya shiga. Ga wanda zai fara sabon aiki, shawarata SQLite. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fitar da ita a 2000, lokacin yana aikin manhajar jiragen ruwan yaƙi, yau tana cikin kowace wayar Android da ke aljihunku, kuma kyauta ce. Masu kula da ita da gangan suke kwaikwayon yankewar wuta a tsakiyar rubutu don su tabbatar ba ta lalace ba. Fayil ɗin Access kuwa, musamman idan kwamfutoci biyu ko uku na rubutu a cikinsa ta waya, an san shi da wayar gari ya ce bai gane tsarin rumbun ba. Ko da SQLite ɗin, kada ka kwafi fayil manhaja tana buɗe, kada kuma ka ɗora amanarka kan fulashin bakin titi. Gwajin wannan ba a littafi yake ba. Ka sami tsohuwar kwamfutar tebur, ka sa manhaja tana rubutu, ka zare filogi daga bango, ka kunna ka duba lissafi.

Na zo inda ya sa na zaɓi kan wannan lacca. Idan ka sa aiki mai nauyi, kamar haɗa rahoto ko jiran firinta, a layin da ke kula da allo, allon sandarewa yake yi. Bayan daƙiƙa biyar Windows zai rubuta cewa manhajar ba ta amsawa. Yaron shago da layin mutane a gabansa me zai yi? Zai sake danna maɓallin ajiyewa, ya sake, ya sake. Da manhajar ta farfaɗo sai ta ajiye cinikin sau uku, akwati kuma kuɗin ciniki ɗaya ne a ciki.

Wannan ba labarin ƙauye ba ne. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara aiki da manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Daga lokacin zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da ƙananan rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda giɓin da manhajar ke nunawa. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba, wasu sun mutu kafin a wanke su. A 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Ɗaya daga kurakuran, wanda aka sa wa sunan garin Dalmellington na ƙasar Sikotlan, shi ne ainihin abin da na bayyana yanzu: allo ya sandare wajen tabbatar da karɓar kuɗi, kowane dannawa ya sake shigar da adadin, giɓi ya kai fam 24,000. Can akwai lauyoyi da jaridu, duk da haka shekara ashirin aka yi. Yaronmu na kasuwar Yelwa kora ce kawai, da sunan ɓarawo da zai bi shi har wurin neman aure.

Gyaran bai da wuya. Da an danna maɓalli ka kulle shi sai aiki ya ƙare. Ka mayar da aiki mai nauyi bayan fage. Ka ba kowane ciniki lambarsa tun kafin a danna, ka sa rumbun ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Sannan ka buɗe wa manhajarka kundin sawu: fayil da take rubuta lokaci, da wanda ya shiga, da abin da ya danna, da cikakken saƙon kowane kuskure har da lambar layi. Ranar da maigida ya ce kuɗi sun yi ƙafa, wannan kundi ne zai nuna rasit uku masu adadi ɗaya a cikin daƙiƙa biyu, abin da hannun ɓarawo ba ya yi. Shi ya sa ba na jituwa da On Error Resume Next, da ɗan uwansa catch da aka bari fayau. Mai rubuta su yana so ne kada malami ya ga kuskure ranar kare aiki. Kuskuren yana nan, bakinsa kawai aka toshe.

Idan kundin bai nuna wurin ba, ka koma dabarar da muka yi wa dillalin hatsi, ka raba biyu. Fayil mai layi 1,000 ya ƙi shiga? Shigar da rabin farko, ka ga wane rabi ke da cutar, ka sake rabawa. Rabawa goma ta ishe ka. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ba ya buƙatar intanet, kuma umarninsa na bisect haka yake bin canje-canjenka har ya nuna wanda ya kawo ɓarna. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji. A watannin Maris da Afrilu kuma, in kwamfuta tana mutuwa da rana tsaka ba tare da saƙo ba, ka buɗe ta ka hure ƙurar hunturu daga fanka kafin ka taɓa kod.

Saura maganar da kowannenmu ya taɓa yi: "ai a tawa tana aiki." Tana aiki ne don taka tana da abubuwan da ka manta ka girka. Saƙon rashin VCRUNTIME140.dll na nufin ba a sa kayan Visual C++ ba. Saƙon da ke cewa ba a yi rajistar Microsoft.ACE.OLEDB.12.0 ba, yawanci saɓani ne tsakanin 32 da 64. Wani ya rubuta hanyar fayil da sunansa a ciki, wani yana son rubutu a Program Files inda Windows ba ya bari. Shaguna da yawa har yanzu Windows 7 suke kai, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020, Python kuma daga 3.9 ba ya hawa kansa. Kafin ka hau mota zuwa Wara ko ka shiga jirgi, ka gwada a kwamfutar da ba a taɓa rubuta kod a kanta ba, ka kuma ɗauki duk kayan girkawa a fulashi, don can ba lallai ka sami sabis ɗin saukewa ba.

Ko bayan ka gyara, ka tabbata gyaran ya isa ko'ina. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa kusan ɗalibai 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas sun sami sakamakon da ba nasu ba, saboda gyaran da aka yi wa manhajar bai hau wasu na'urorin ba, dole aka sake musu jarrabawa. Kai da ke da shaguna biyar tsakanin Yelwa da Shanga, ka rubuta lambar fitowa a saman allon manhajarka, ta yadda ko ta waya za ka ce wa yaro ya karanta maka, ka san wadda ke gabansa.

Malam shugaba, nan zan dakata. Na ga wasu sun zo da kwamfutocinsu a jaka; duk mai manhajar da ta ƙi ji ya kawo ta gaba mu buɗe ta tare kafin a kira Azahar.